Yadda Jama'a Suka Tsare Dajin Gwamnati a Amurka

Fiye da rubu'in ƙasar Amurka a hannun gwamnatin tarayya yake, mafi yawansa kuwa a jihohin yamma. Tun 1924 Ma'aikatar Gandun Daji ta fara keɓe wasu dazuzzuka, irin na Gila a jihar New Mexico, inda ba a yanka hanyar mota. To, amma keɓewar ta alƙalamin ma'aikaci ce. Abin da wani ya rubuta yau, magajinsa yana iya soke shi gobe.

Wannan ne ya sa Howard Zahniser, sakataren ƙungiyar Wilderness Society, ya tsara shirin doka a 1956. Shekara takwas ana ja-in-ja, har sai da shirin ya kai kwafi 66, kowane da gyaransa. Zahniser ya rasu a watan Mayu na 1964. Ranar 3 ga Satumba Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokar hannu, aka keɓe eka miliyan 9.1.

Babban mai adawa da shirin shi ne Wayne Aspinall, wakili daga jihar Colorado, wanda ke tare da masu haƙar ma'adinai da masu kiwo. Bai sakar wa dokar hanya ba sai da ya gindaya sharaɗi, watau ba za a ƙara keɓe wani daji ba sai Majalisa ta yi masa doka tasa ta daban. A nufinsa takunkumi ne. Ashe ƙofa ya buɗe, domin ɗan majalisa yana tsoron mai ƙuri'a, abin da ma'aikaci ba ya yi.

Mutanen Lincoln, wani ƙaramin gari a jihar Montana, su suka fara shiga wannan ƙofa. A 1963 Ma'aikatar ta yi shirin yanka hanyoyi da saran katako a dajin da ke bayan garin. Wani mai kanti, Cecil Garland, ya jagoranci maharba da masu kamun kifi suka yi ta rubuta wasiƙu, har Sanata Lee Metcalf ya kai maganar Majalisa a 1965. Garland ya ɗanɗana kuɗarsa, don waɗansu masu cin abinci da katako sun ƙaurace wa kantinsa. A 1972 aka keɓe dajin Scapegoat, kimanin eka 240,000, na farko da ya samu shiga bisa buƙatar mutanen gari, ba da shawarar Ma'aikatar ba.