Kan Burtu da Injin Kurciya: Tarihin Yaudarar Naman Daji a Kudancin Kano

Kowane Bahaushe ya san abin da a ke nufi in an ce wane ya yi shigar burtu, watau ya sake kama don ya cim ma bukatarsa ba a gane shi ba. Amma cikin masu faɗin wannan magana yau kaɗan ne suka taɓa ganin burtu yana kiwo a dawa, balle su ga maharbi ya ɗaura kansa a goshi. Maganar ta rayu, sana'ar da ta haife ta kuwa tana neman ɓacewa. Nufinmu a wannan takarda mu bi tarihin wannan dabara a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, sa'an nan mu gwada ta da wata irinta da maharban Ingila suka ƙago don harbin kurciya, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Dawan Kudu

Farauta daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya nuna Barbushe, shugaban mutanen Dala, maharbi ne mai kashe giwa. Da gonaki suka yawaita kewaye da birni, sai namun daji suka yi ta ja da baya zuwa kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, itatuwa suka fi tsawo, Kogin Kano kuma ya ke gangarowa daga duwatsu. A rabi na biyu na ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun sa mutanen wannan yanki sun takura cikin garuruwa masu ganuwa, dajin da ke tsakaninsu ya zauna ba mai sara. Wannan daji shi ne a ke kira Falgore yau, wajen mil 90 daga birni a kan hanyar Jos, ya shiga ƙasar Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in mil 300.

A irin wannan dawa maharbi yana da matsala guda wadda ta fi kowace girma. Kibiya, ko da an shafa mata dafin kwankwani, ba ta da amfani sai an kusanci nama; bindigar toka ma, da ta zo daga baya, ba ta da nisan harbi, kuma in ta tashi sau ɗaya sai an sake ɗuri. Barewa da gada da gwanki kuwa ba su yarda da mai ƙafa biyu ba. To, yaya za a yi mutum ya ratsa fili da rani, bayan an ƙone ciyawa, ba a gan shi ba? Maharba suka ga ba ya yiwuwa. Sai suka zaɓi a gan su, amma a ɗauke su wani abu dabam.

Yadda a ke haɗa kan burtu

Burtu babban tsuntsu ne baƙi, tsawonsa ya kai yadi guda ko ya ɗara, yana da fararen fuka-fukai a gefen fiffike waɗanda ba a gani sai ya tashi. Namiji yana da ja da shuɗi a maƙogwaro, tamata shuɗi kaɗai. Ba ya son tashi. Tafiya ya ke yi a ƙasa sannu sannu, su biyu ko uku, yana tsintar fara da ƙadangare da ƙananan macizai. Ya kan bi garken namun daji da wurin da wuta ta ci, domin nan abincinsa ya ke fitowa fili. Saboda haka nama ya saba da shi, ba ya firgita in ya gan shi kusa. Wannan sabo shi ne jarin maharbi.

A kan sami ice marar nauyi mai lanƙwasa, a sassaƙa shi kamar wuyan tsuntsun, a rufe shi da baƙar fata. A bisa a kafa bakin burtu na ainihi tare da ƙahon nan da ke kansa, in kuwa ba a samu ba a sassaƙa na ice. Waɗansu su kan manna jajayen 'ya'yan idon zakara don ado da kwaikwayon jan maƙogwaro. Gindin icen a kan faɗaɗa shi yadda zai zauna a goshi, a sa masa igiyar fata ta ɗaurawa a ƙeya. Maharbi ya yafa baƙin zane a baya, ya durƙusa, ya riƙe bakansa ƙasa ƙasa.

Amma fa sassaƙar ita ce mafi sauƙi cikin aikin. Abin da ke cin shekaru shi ne koyon tafiyar: a yi rarrafe kaɗan, a tsaya, a sunkuyar da kai kamar ana saran ƙwaro, a ɗaga, a waiwaya, kada a miƙe wa nama kai tsaye, kuma kullum iska ta riƙa busowa daga wajen naman zuwa wajen maharbi. Idon barewa ya kan ruɗu, hancinta ba ya ruɗuwa. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan dabara ba, Nufawa ma sun san ta, kuma akwai kawunan burtu da yawa ajiye a gidajen kayan tarihi na Turai da Amurka.

Injin kurciya

Kurciya da hasbiya da bardo a ƙasar Hausa ba naman manyan maharba ba ne. Yara ke kama su da asuta da danƙo a bakin masussuka. A Ingila kuwa akwai wata babbar kurciyar daji mai farin zane a fiffike, tana da yawa ainun, tana ɓarna a gonaki, har manoma su kan nemi masu bindiga su zo su rage ta. Wani tsohon hafsan soja, Manjo Archie Coats, ya mai da wannan harbi sana'a, ya rubuta littafi a kansa a 1963. Hanyarsa ita ce a jera matattun kurciyoyi a gona kamar suna kiwo, maharbi ya ɓuya a gindin shinge. Ta sama in ta hango 'yan'uwanta sun natsu sai ta sauko.

Aibin wannan jeri shi ne ba ya motsi. Wajen ƙarshen ƙarni na 20 sai aka fito da inji mai juyawa, mutane da yawa kuwa da hannunsu su ke haɗa nasu. A kan ciro ƙaramin injin da ke motsa abin share gilashin mota, a ɗora shi a kan turken ƙarfe da za a kafa a ƙasa, a haɗa shi da batir. A bisansa a ɗaura sanduna biyu na ƙarfe, ɗaya gabas ɗaya yamma, a bakin kowace a kafa matacciyar kurciya da fiffike a buɗe. In ya tashi sai su yi ta kewaya, farin zanen nan yana walƙiya, mai wucewa daga nesa ta ɗauka waɗansu ne ke shirin sauka a kan abinci.

Inda suka haɗu da inda suka rabu

Asalin dabarun biyu ɗaya ne. Dabba ba ta iya binciken kowane abu da kanta, sai ta dogara ga alama: inda burtu ke kiwo babu mutum, inda kurciya ke sauka babu hatsari. Maharbi alamar nan ya ke sata. Bambancin shi ne Bahaushe da jikinsa ya ke yin motsin, ya yini yana rarrafe a rana don kibiya guda, Bature kuwa ya ɗora wa batir wahalar. Wuyar aikin burtu ita kanta iyaka ce ga yawan abin da za a kashe, ga kuma hukuncin Risala, wadda malamanmu ke karantarwa, cewa farauta don wasa makaruhi ce, don bukata kuwa halal.

Kada mai karatu ya ɗauka inji shi ne ke ƙarar da tsuntsu. Kurciyar Ingila ba ta ƙare ba, domin gonakin da ta ke ci suna nan. Amma a Amurka akwai wata kurciya da garkenta ke rufe rana. Masu kama ta don kasuwa su kan ɗaure rayayya a kan sanda su riƙa motsa ta har garke ya sauko cikin raga, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa birane, ana kuma sare dazuzzukan da ta ke sheƙa. Ta ƙarshe ta mutu a gidan dabbobi na Cincinnati ran 1 ga Satumba, 1914. Watau yaudara ba ta gama da wani iri sai kasuwa da sarar daji sun taimaka mata.

Haka abin ya ke a kudancin Kano. An keɓe dajin Kogin Kano a 1949, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji a 1963, aka kuma gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda tafkinta ya taɓo arewacin dajin. Duk da doka, noma da kiwo da saran itace da bindigar zamani sun rage naman ƙwarai. Maharbi mai bindiga mai nisan harbi da fitila a goshi ba shi da bukatar rarrafe, sai kan burtu ya koma rataye a zaure ko ya fito ranar wasan maharba. Shi kansa tsuntsun, wanda ke sheƙa a kogon manyan itatuwa, yawanci kuma ɗa guda ya ke rayarwa, an sa shi a 2018 cikin jerin tsuntsayen duniya da a ke tsoron raguwarsu.

Aiki biyu ke gabanmu. Na fari, ɗalibai su je Doguwa da Tudun Wada su zauna da sarakunan baka da tsofaffin maharba, su rubuta sunayen itatuwan sassaƙa, da kirari, da ƙa'idodin tafiyar, tun masu sanin suna da rai. Na biyu, hukuma ta tsare manyan itatuwan Falgore, domin in babu kogon kuka babu burtu. Allah ya sa jikokinmu su ga tsuntsun da idonsu, kada su san shi a karin magana kaɗai.