Uwa Mai Ɓoye Ɗa: Waƙar Hesiod da Asalin Iskoki

Wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, wani makiyayi mai suna Hesiod, mutumin ƙauyen Askra a gindin dutsen Helikon na ƙasar Girka, ya tsara waƙar Theogony mai layi 1,022, inda ya jera salsalar abubuwan bautar mutanensa. Wanda ya tashi a ƙasar Ikara, Makarfi ko Kudan, ya ji garaya a ƙauyukan Maguzawa da ke kewayen garuruwa irin su Kurmin Kogi, zai yi saurin cewa ai wannan kirarin iskoki ne. Akwai kama, amma ba ta kai zuci ba.

Mu dubi wuri guda. A waƙar Hesiod, Kronos yana haɗiye 'ya'yansa don gudun kada su ƙwace masa mulki, kamar yadda shi ya yi wa ubansa Uranos. Sai matarsa Reya ta ɓoye autansu Zeus a tsibirin Kirit, ta miƙa wa mijin dutse cikin tsumma. Dabarar ta ci, Zeus ya girma ya tumɓuke uban. A wani labari da ake bayarwa a ƙasar Hausa, musamman a Nijar, Hauwa'u ma ta ɓoye kyawawan 'ya'yanta, sai dai wanda ta ɓoye wa ba ya ruɗuwa. Allah ya hukunta su zauna a ɓoye har abada, su ne iskoki.

Nan hanya ta rabu. Sarautar sama a wurin Girkawa abar ƙwace ce, don haka salsala ta zama tarihin juyin mulki. Maguzawan da Joseph Greenberg ya rubuta a kansu a 1946 kuwa ba su ja da cewa Allah ne mahalicci. Shi ya sa gidaje 12 na Jangare, birnin iskoki, waɗanda Fremont Besmer ya lissafa daga bakin 'yan borin Kano a littafinsa na 1983, ba su damu da farkon duniya ba. Abin da ke gabansu zaman gida ne da fada: wa ya auri wa, wa ya riƙi ɗan wa, ina matsayin iskoki irin su Ɗan Galadima ko Malam Alhaji a gaban Sarkin Aljan Sulaimanu. Mai garaya ma ya san wannan, domin shi ke nuna masa wanda zai fara kira a fagen wasa.

Kuma jerin iskokin yana sauyawa daga gari zuwa gari, tunda ba a taɓa samun mawaƙi guda da ya ɗaure shi a takarda kamar waƙar Hesiod ba.