Nazarin Mata a Jami'a: Daga Malafar Jaji Zuwa Zariya

A wannan mako za mu duba fannin da ake kira nazarin mata, wanda da yawanmu a Zauro, Birnin Kebbi da Argungu muke ɗauka kayan Turawa ne zalla.

Gaskiya ne a Amurka ya fara zama kwas na jami'a, a San Diego cikin 1970. Amma tambayar da yake yi, wato me mace ta sani, kuma wa ya hana ta sani, ta daɗe a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta nan kusa da mu, a Gwandu, inda jama'ar Shehu suka sauka a 1805.

Bayan ta girma a Sakkwato ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa jaji, ta aza mata malafa, ita kuma jajin ta tattaro matan ƙauye su zo ɗaukar karatu. Da waƙa ake koyarwa, don mai daka da mai kaɗi su iya haddacewa. Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba sai mun liƙa mata sunan wata aƙidar zamani ba. Malama ce, addini ne ya sa ta wannan aiki.

A jami'o'inmu kuwa, wani taro da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982 shi ya haifi ƙungiyar WIN, wadda Ayesha Imam ke cikin jagororinta. A 1985 aka kafa FOMWAN a Minna, ƙarƙashin Aisha Lemu, don matan Musulmi su yi magana da bakinsu. A 1987 Bolanle Awe ta jagoranci buɗe cibiyar binciken mata a Jami'ar Ibadan.

Ga inda gizo ke saƙa. Wadda ta fito da tarihin Asma'u ga duniya Baturiya ce, Jean Boyd, da taimakon Waziri Junaidu. Littafinta ya fito a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucen Asma'u a 1997. Mun gode musu. To amma matanmu masu turara shinkafar fadama, da ungozomomi, da modibbai masu karantar da mata a cikin gida, wa zai rubuta nasu? Tsofaffin da suka san labarin suna ta tafiya.

In 'yarmu ta ce wannan fanni take so, mu bar ta ta karanta, ta auna ra'ayoyin da ma'aunin addininta, ta ɗauki tsaba ta zubar da ƙaiƙayi. In mun hana ta, wasu za su ci gaba da rubuta mu.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.