2.3 Wuraren Tarihi a Ƙasar Argungu

Duk mai son fahimtar tarihin Kabawa, dole ne ya bi gulbi, domin manyan biranen da suka zauna, wato Surame da Birnin Kabi da Argungu, duk a kusa da fadamar Gulbin Kabi aka kafa su. Kowane daga cikin waɗannan wurare yana nuna wani mataki ne na ƙarfi ko raunin daular.

Wuri na farko shi ne Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songhai a wajejen 1516. Abin da ya bambanta Surame da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne ganuwarsa. Yawancin ganuwoyi, kamar ta Kano da ta Zariya, da jar ƙasa aka gina su, amma a ta Surame an haɗa duwatsu da laka, shi ya sa har yau ana iya ganin sauranta duk da an bar birnin tun farkon ƙarni na 18, lokacin da sarauta ta koma Birnin Kabi. An sanya Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Sai dai tun da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, kufan ya faɗa cikin Jihar Sakkwato, wato masu tarihin suna wata jiha, kufan kakanninsu yana wata. Wannan bai taimaka wa kula da wurin ba.

Birnin Kabi kuwa ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo. Daga nan ne Argungu ta zama mafakar Kabawan da suka ƙi miƙa wuya. An kashe Sama'ila Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya daɗe a tsare, sannan ya dawo ya sake ɗaga tutar Kabi a 1849. Fadama da ruwan da ke kewaye da garin sun taimaka ƙwarai wajen hana dawakin abokan gaba isa gare shi.

Tsohuwar fadar garin ita ce aka mayar Gidan Tarihi na Kanta. Sarakuna sun zauna a cikinta har 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura da layu da kayan su, kuma a nan ne kaburburan sarakunan Kabi na Argungu suke, don haka mutanen gari ba su ɗauke ta wurin kallo kawai ba.

Wuri na ƙarshe shi ne Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Ana yawan cewa bikin ya fara ne a 1934, amma wannan magana tana buƙatar gyara. Abin da ya faru a shekarar shi ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su domin girmamawa, alamar cewa gabar da ke tsakanin gidajen biyu ta ƙare. Su kansa, da gyaran ruwa da Sarkin Ruwa yake yi kafin masunta su faɗa da homa da gora, sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016, a daidai lokacin da aka yi shekaru ba a gudanar da shi ba, sai a 2020 aka farfaɗo da shi.