Saitin da ba a gwada ba: daga Knight Capital zuwa IReV

A ranar 25 ga Fabrairun 2023, aikin malaman zaɓe a kowace rumfa, har da na Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari da Gagarawa, shi ne su ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS su tura shafin IReV. Sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi, sai da dare ya fara hawa. Rahoton da INEC ta fitar a 2024 ya ɗora laifin a kan saiti. An tsara sabar ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha ba ne. Zaɓukan da aka yi da shafin a baya, kamar na gwamnan Ekiti da na Osun a 2022, duk na cikin jiha ɗaya ne.

Matsalar ta daɗe. A 2012, kamfanin hannun jari na Knight Capital a Amurka ya sabunta manhaja a sabobinsa bakwai, aka manta ta takwas. Da aka kunna wani saiti, sai ya tayar da tsohuwar manhajar da ke kwance a cikinta, cikin minti 45 dala miliyan 440 ta salwanta. A Nuwamban 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta bi ta Rasha da Sin fiye da awa ɗaya.

To me ya hana a gwada komai tun farko? Lissafi ne. Maɓallai 30 kacal, kowanne a kunne ko a kashe, suna ba da haɗi fiye da biliyan ɗaya. Shi ya sa aka koma ga kwamfuta ta yi gwajin da kanta. Wata dabara ita ce a zaɓi haɗi kaɗan, ta yadda kowane maɓalli biyu za su haɗu a duk yanayinsu. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Illinois suka fito da Ctest, wato duk saitin da aka canza, a sake gudanar da gwaje-gwajen manhajar da ainihin saitin kafin ya kai ga jama'a.

Sai dai kwamfuta abin da aka lissafa mata take gwadawa. In ba wanda ya rubuta “zaɓen da ba shi da jiha” a jerin, ba za ta ƙirƙiro shi ba.