Faɗan Bamba da Kwalta

Mu da muke aikin faiba a jikin mota, rabin abincinmu a ƙarƙashin bamba yake. Mutum zai zuba kuɗi ya sayo bodi-kit, wato bambar gaba mai dogon leɓe da siket na gefe da fiffiken baya, a ɗaura, a fesa fenti. Kafin wata ya zagayo sai ga motar ta dawo gareji, leɓe a tsage. Tun da aka fara sana'ar ake wannan faɗa da kwalta, kuma kowace dabara da muke amfani da ita yau tana da inda aka haife ta.

Da farko ma ba ado ake nema ba. A 1953 Karl Meier, mai kamfanin Kamei a Wolfsburg ta Jamus, ya nuna wani faranti da ake ɗaura wa Volkswagen ƙirar kunkuru a gaba. Injinta a baya yake, in ta ɗauki gudu sai gabanta ya yi sakayau, farantin kuwa yana rage iskar da ke kutsawa ƙarƙashi. Matsalar tana cikin maganin: leɓe ba ya aiki sosai sai ya kusanci ƙasa, in ya kusanci ƙasa kuma sai ya ci ƙasa.

Cikin waɗanda suka samo mafita akwai samarin Los Angeles, akasarinsu 'yan asalin Meziko, masu sauke mota har ta kusa jan ciki. A 1958 jihar Kalifoniya ta haramta duk motar da wani sashe nata ya sauka ƙasa da gindin wili. Shekara na zagayowa Ron Aguirre ya fito da Corvette ɗinsa ɗauke da famfunan mai irin na jirgin sama, ya danna maɓalli mota ta tashi, ya sake dannawa ta kwanta. 'Yan sanda yake gudu, amma abin da ke tsallake doka shi ke tsallake tudu. Daga nan aka zo kan jakunkunan iska a madadin sifirin, har kamfanoni suka karɓi abin da kansu. Corvette ta 2020 tana ɗaga gabanta kusan milimita 40, tana kuma iya riƙe wurare har 1,000 a ƙwaƙwalwarta, ta ɗaga da kanta in ta iso. Dabara ce mai kyau ga mai hali.

Yawancin siffofin da muke zubawa a yau daga Japan suka fito. A shekarun 1970 da 1980 samarinsu sun riƙa kwaikwayon motocin tseren da suke gani a filin Fuji, suna ɗaura leɓuna masu miƙewa gaba ƙwarai, duk da cewa doka a can tana son santimita 9 tsakanin mota da ƙasa. Sai VeilSide, wanda Hironao Yokomaku ya kafa a 1990, ya mai da abin kasuwa ta duniya. Mazda RX-7 mai ruwan lemo da baƙi ta fim ɗin Tokyo Drift na 2006 kayansa ta sanya. Bayan fim ɗin nan kasuwa ta cika da kwafe, daga nan kuma aikinmu ya ƙaru. Mai kwafe yakan ɗauki bamba ta asali ya zuba ma'auni a kanta, wani ya zo ya zuba nasa a kan ta kwafen, kafin ta iso hannunka ta karkace, kaurinta ba ɗaya ba, wani wurin in ka ɗaga ta a rana kana hango haske.

An yi ta gardama a kan kayan haɗi, har yau ba a gama ba. Faiba tana da araha, tana karɓar kowace siffa, amma ba ta da haƙuri: in ta bugu sai ta tsage. Kirkinta ɗaya, tana gyaruwa. Roba mai lanƙwasa, irin wadda Pontiac ta sa wa gaban GTO a 1968 har ana tallarta da dukan guduma, takan lotse ta dawo, sai dai tana da nauyi, zafin rana na sa ta saki, kuma in ba a zuba wa fenti sinadarin laushi ba, roba ta tsira fenti ya farfashe. Kabon kuwa ƙarfi gare shi da rashin nauyi, amma ranar da ya fashe mai shi ba ya barci.

Ni a ganina wadda ta fi duka ita ce dabarar da ta amince cewa dole wani abu ya gogu. Bayan mutuwar Ayrton Senna a Imola a 1994, masu tseren Formula 1 sun tilasta a ɗaura katako mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin kowace mota, don hana saukewa fiye da kima. A ƙa'idar da suka kafa lokacin, in ya cinye fiye da milimita ɗaya an soke sakamakonka. Haka Michael Schumacher ya rasa nasararsa ta Beljiyam a shekarar, haka kuma aka yi wa Lewis Hamilton da Charles Leclerc a Austin a 2023. Su alƙali suka ɗaura, mu garkuwa muke ɗaurawa, amma wurin ɗaya ne. Muna bin ƙasan leɓe da faranti na roba mai santsi da tauri, mu nutsar da kan noti ciki don kada ya kama kwalta. In ya cinye a kwance a sa wani. Ban cika son alminiyam a nan ba, domin ba ya shanye duka, faibar yake miƙa wa. 'Yan wasan zamiya da mota a Japan sun ma wuce nan: da siririyar igiyar roba suke ɗaure bamba, in ta bugu igiya ta tsinke, bamba ta faɗi lafiya lau.

A Kano da Abuja abin ya shigo mana ta ƙofar sabunta fuska, inda ake mai da tsohuwar Camry ko Lexus ta koma kamar sabon yayi. Nan abokin gaba ba tudun rage gudu kaɗai ba ne, har da murfin lambatu na ƙofar gida da gangaren gidan mai. Abin da nake gaya wa direba, ya taka birki tun kafin tudu ya kuma sake shi, saboda birki na dunƙufar da gaban mota, sannan ya hau a kaikaice taya ɗaya ta riga ɗaya.

Amma tsagar da ake ɗora wa hanya laifinta, sau da yawa a gareji aka shuka ta. Bamba ba ta zauna daidai ba, yaro ya danne ta da gwiwa ya ɗaure noti, ta tafi a takure, ramin farko sai ta buɗe daga bakin hudar. Shi ya sa muke gwada ta kafin fenti, mu goge inda ya tokare, mu faɗaɗa huda, mu sa wosha mai faɗi da roba a tsakani. In kuwa ta riga ta tsage, a huda ƙarshen tsagar don ta tsaya, a kankare baya, a shimfiɗa zare da ruwan faiba hawa biyu ko uku. Fila, wato abin cike lotsa, daga ƙarshe take zuwa, kuma kaɗan.