Janar Catroux, Sojan da Faransa Ke Turawa Idan Bindiga Ta Gaza

Daga 1940 zuwa 1956, kusan duk lokacin da mulkin mallakar Faransa ya shiga tsaka mai wuya, sunan Janar Georges Catroux yakan fito cikin maganar. Ya taɓa riƙe Indochina, shi ya yi shelar 'yancin Siriya da Labanan, ya yi gwamnan Aljeriya, ya yi jakada a Mosko, shi kuma aka aika ya lallashi Sarkin Maroko da aka kora. Masu rubuta tarihinsa sukan raba rayuwarsa gida biyu, soja da farko, mai sulhu daga baya, kamar ya ajiye wata riga ya sa wata. Ba haka abin yake ba. Iya sulhunsa a fagen yaƙin mallaka ya koye shi, kuma abin da yake nema a teburin shawara shi ne wanda ya nema da bindiga: Faransa ta ci gaba da faɗa a ji ko da ƙarfinta ya ragu.

An haife shi a Limoges a 1877, ya yi makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr, ya yi ƙuruciyar aikinsa a ƙasashen da Faransa ke mallaka. Makarantarsa ta gaskiya ita ce Maroko, ƙarƙashin Lyautey, wanda ya yi suna da dabarar barin sarki a kan gadonsa da alƙalai a kotunansu, muddin linzamin yana hannun Bafaranshe. Mai karatu a ƙasar Hausa ba zai rasa gane wannan tsari ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamusawa sun kama shi suka tsare a Ingolstadt, inda ya haɗu da wani matashin kyaftin mai suna Charles de Gaulle. Bayan yaƙin ya wakilci Faransa a Dimashƙa, sannan ya koma Maroko ya shugabanci yankin Marrakesh, inda ya yi yaƙin duwatsun Saghro a 1933. Wato mutumin da daga baya aka riƙa kira mai sassauci ya shafe shekaru yana murƙushe masu turjiya, ya san abin da mamaya ke ci na rayuka da kuɗi.

Wannan sanin ne ya bayyana a Yunin 1940. Yana gwamnan Indochina, yankin da yau ya ƙunshi Vietnam da Laos da Kambodiya, sai Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Japan kuma ta matsa masa ya rufe hanyar jirgin ƙasa da ke kai kaya daga Haiphong zuwa Yunnan a ƙasar Sin. Ba shi da jiragen da zai kare kansa, ba kuma mai kawo masa ɗauki, sai ya amince. Sabuwar gwamnatin Faransa ta Pétain ta tuɓe shi ta naɗa Admiral Decoux, wanda bai daɗe ba shi ma ya ba Japan abin da ya fi haka. Catroux bai koma gida ba, Landan ya nufa. A Oktoban wannan shekara, a Fort-Lamy, Injamena ta yau, inda Gwamna Félix Éboué ya riga ya kai Chadi ɓangaren masu ci gaba da yaƙi, janar mai taurari biyar ya ƙame ya sara wa de Gaulle mai taurari biyu a gaban jama'a. Shi ne hafsa mafi girman muƙami da ya bi de Gaulle a lokacin, kuma wannan sarawar ta rufe bakin masu tunanin a ɗora shi a kan de Gaulle. Ko a nan lissafi ne: ya gane cewa ƙungiyar da ba ta da ƙasa ba ta da runduna ba za ta ɗauki shugabanni biyu ba.

A Gabas ta Tsakiya ne aka fi ganin iyakar wannan dabara. Ranar 8 ga Yunin 1941, yayin da sojojin Birtaniya da na Faransa Mai 'Yanci, ƙungiyar de Gaulle, ke shiga Siriya da Labanan don karɓe su daga magoya bayan gwamnatin Pétain ta Vichy, Catroux ya yi shelar cewa ƙasashen biyu za su sami 'yanci. Sai dai 'yancin yana da sharaɗin yarjejeniya da Faransa, kuma soja da manyan ma'aikatu suka ci gaba da zama a hannun Faransawa. Da majalisar Labanan ta ɗauki alƙawarin da gaske a Nuwamban 1943, ta goge wakilcin Faransa daga tsarin mulki, wanda ya gaji Catroux, Jean Helleu, ya kama Shugaba Bechara El Khoury da Firaminista Riad al-Solh ya kulle su a sansanin Rashaya. Gari ya kama da wuta, Birtaniya ta yi barazanar shiga tsakani, aka turo Catroux daga Aljas, babban birnin Aljeriya. Ranar 22 ga watan aka sake su, ranar da Labanan ke bikin 'yancinta har yau.

Za a iya cewa, to ai wannan kaɗai ya isa a kira shi abokin masu neman 'yanci, tunda shi ya buɗe ƙofar kurkukun. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin da wani mai taurin kai aka aika, da jini ya kwarara, kamar yadda ya kwarara a Dimashƙa a Mayun 1945 lokacin da sojojin Faransa suka yi wa birnin luguden wuta. Amma a dubi abin da ya yi a Aljeriya a wannan shekarar ta 1943, inda ba Birtaniya a kansa kuma ƙarfi yana hannunsa. Ferhat Abbas, wanda ya gabatar da takardar buƙatun Musulmin ƙasar cikin lumana, ɗaurin talala ya samu daga hannun Catroux. Dokar 7 ga Maris 1944 da ta biyo baya ta ba wasu dubbai zama cikakkun 'yan ƙasar Faransa, a cikin jama'ar da ta kai miliyoyi. Sassaucinsa yana ƙaruwa ne daidai da raunin Faransa a wurin, yana raguwa inda take da ƙarfi. Masu zarginsa daga ɗaya ɓangaren, waɗanda suka ce yana sayar da daula da araha, su ma sun kasa nuna wurin da ya bayar wanda za a iya riƙewa.

Jakadancinsa a Mosko daga 1945 zuwa 1948 bai haifar da abin a zo a gani ba, domin yaƙin cacar baka ya riga ya fi ƙarfin kowane jakada. Aikin da ya dace da shi ya dawo a 1955. Faransa ta tuɓe Sarki Muhammad na Biyar a 1953 ta kai shi Madagaska, Maroko ta ƙi kwanciya, sai aka aika Catroux, yana ɗan shekara 78, zuwa Antsirabe ya tattauna da shi. A Nuwamba sarkin ya koma Rabat, a Maris 1956 ƙasar ta sami 'yanci, kuma Faransa ta fita da alaƙarta da fadar ba ta yanke ba.

A Aljeriya kuwa kiransa ya zama ihu bayan hari. Yaƙi ya riga ya ɓarke tun Nuwamban 1954 lokacin da Firaminista Guy Mollet ya naɗa shi minista mai zama a Aljas. Turawan da suka zauna a ƙasar sun san tarihinsa a Beirut da Antsirabe, kuma a wurinsu zuwan Catroux alamar sallama ce. Ranar 6 ga Fabrairun 1956 suka tari Mollet da jifan tumatir a tsakiyar birnin, Catroux ya ajiye muƙamin tun bai taka ƙasar ba, aka naɗa Robert Lacoste, yaƙin ya ci gaba har 1962. Shi kuwa ya ci gaba da riƙe shugabancin hukumar lambar girma ta Légion d'honneur, muƙamin da ya hau a 1954, har zuwa 1969, shekarar da ya rasu a Paris.